Wa Zai Yi Yaɓen Bana?

A Bauchi har gobe da ƙofa ake kwatance. Ka tare mai Keke ka ce masa Ƙofar Ran, ko Ƙofar Dumi, ko Ƙofar Wambai, ko Wunti, ba zai ce maka "ina ne nan?" ba. Amma in ka sauka ka ce wa yaron da ke tsaye a bakin titi ya nuna maka ganuwar da wannan ƙofa ta huda, sai ya tsaya yana kallonka. Ƙofa dai ba ta amsa sunanta sai da bango dama da hagu. Namu bangon ya tafi ya bar mana suna, sai kuma baka na siminti da aka gina a wasu wuraren, an shafa masa fenti, motoci na wucewa ta ƙarƙashi.

Ganuwar nan ba ƙaramar aba ba ce. Bayan Malam Yakubu ya karɓo tuta daga Shehu Usmanu ya kafa garin a 1809, an kewaye shi da ganuwar da zagayenta ya kai kimanin kilomita 10 da rabi. Ta ga zamanin yaƙe-yaƙe da Ningi, ta ga shigowar Turawa a 1902, damina bayan damina tana tsaye. Abin da ya rage yau 'yan tuddai ne nan da can, wani a bayan gidan mutum, wani ya zama juji, wani awaki ne ke hawa su sha iska.

In zancen ya tashi a majalisa, ko wani ya saka tsohon hoto a Facebook, amsar ɗaya ce: "Allah sarki, ginin ƙasa ne, ruwa ya cinye." A yi jimami, a yi wa magabata addu'a, a watse. Ni wannan amsa ba ta gamsar da ni, ina ma ganin da ita muke wanke hannunmu. Ruwan da ake yi a Bauchi yau irinsa ake yi zamanin Sarki Ibrahim ɗan Yakubu: ya sauka a Mayu, ya yi ƙarfi a Yuli da Agusta, ya ɗauke wajen Oktoba, ya zubar da milimita 1,000 ko ɗan fiye. Abin da ya sauya shi ne a da, in wani sashe ya zube, akwai wanda za a kira da sunansa. A biranen da ke da ganuwa, gyaranta aikin gayya ne na bayan kaka, kowane yanki da masu shi, Sarkin Magina na bin aiki. Da ganuwa ta daina tsare kowa sai gayya ta mutu, nauyin kuma ba a ɗora wa wani ba. Nan mai neman ƙasar gini ya ɗaga kai ya ga birji tsibi guda, kwaɓaɓɓe tun zamanin kakanni, ba sai ya je daji ba. Jaki ya kwasa, daga baya mota ta kwasa, wanda ya rasa fili ya jingina ɗakinsa da abin da ya saura. Irin wannan cin ba aikin ruwa ba ne.

Ganuwa kam ta riga ta tafi, kuka ba zai dawo da ita ba. Abin da ya sa na ɗauko zancenta shi ne hanyar da ta bi ita ce tsofaffin zauruka da soraye da masallatan unguwa da suka rage cikin gari ke bi yanzu, a Jahun, a Nasarawa, a Kobi, a kewayen fada. Su ana iya cetonsu, kuma da kuɗin da bai kai na ginin baka ɗaya na siminti ba. Sai dai wanda zai cece su dole ya san ta inda ginin ƙasa ke mutuwa. Ta wuri biyu ne, ta ka da ta gindi.

Mu fara da ka. Rufin soro shimfiɗe yake, da ɗan gangare zuwa indararo. Rani na tara ƙura da ganye da leda a kai, tsuntsu ya yi sheƙa a bakin indararo. Ruwan farko ya sauka ya rasa hanya, ya kwanta kamar tafki, ya ratsa yaɓe ya kai ga azara. Azarar giginya, musamman ta namiji, gara ba ta samun ta da daɗi, amma bakinta da ke binne cikin bango in ya daɗe cikin laima ruɓewa yake, wanda ke kwance a ɗakin kuma ba ya ganin komai. Mai duba rufi ya riƙe ƙusa doguwa ya soka daidai inda azara ta shiga bango. In ta tirje, lafiya. In ta shige kamar cikin dafaffen rogo, wannan azara ta gama aiki, a tokare ta yau kada a ce sai gobe. Indararon da ya karye ko ya gajarce shi ma masifa ne, don maimakon ya wurga ruwa nesa sai ya zuba shi a jikin bango, ya tsaga kwari tun daga rawani, wato ɗan bangon da ya kewaye rufi, har ƙasa.

Akwai wani kuskure da ake yi da kyakkyawar niyya. Mai gida ya ga yoyo sai ya sa a ƙara ƙasa a kan rufi, baɗi ya ƙara, baɗin baɗaɗa ya ƙara. A yi lissafi. Ƙasa mai kaurin santimita 10 a kan murabba'in mita ɗaya ta kai kilo 170 zuwa 180 a bushe. Ɗakin da ke da mita 4 tsawo, mita 4 faɗi, an ɗora masa kusan tan 3 ke nan, tun kafin ta sha ruwa. Azarar da aka auna wa wani kaya tun zamanin kakan mai gidan ita ce za ta ɗauki wannan ƙari. Ƙa'idar magina ita ce a kankare mataccen yaɓe kafin a sa sabo, nauyi ya tsaya inda maginin farko ya bar shi. Ledar da ake binnewa cikin rufi ma haka: ta yi aiki damina ɗaya, ta tsattsage, ruwa ya shiga ta ɓula ya kasa fita.

Ta gindi kuwa, laifin ya fi yawa a wajen gida. Kowane gyaran titi yana ƙara masa tudu, a cika ƙasa, a zuba kwalta, a gina kwata, har ka ga zauren da a da ake hawa mataki a shiga yanzu gangarawa ake yi. Ruwa ya kwanta a gindin bango, ƙasa ta riƙa tsotsarsa sama kamar lagwani, ya bushe ya bar wani farin gishiri, tubali ya koma gari. A ƙara da ruwan wanke-wanke da masu tsugunawa fitsari a lungu. Sai ka ga bango ya rame daga ƙasa zuwa gwiwa, ya yi ƙugu kamar turmi. Bangon tubali kuwa da kauri aka fara shi a ƙasa, yana sirancewa har sama, ƙarfinsa duk a gindin yake. In ramin ya ci kusan sulusin kaurin, ba a taɓa shi sai an tokare rufi tukuna. Kuma ba a bin tsawon bango gaba ɗaya. A kama mita ɗaya, a tsallake biyu, a kankare matacciyar ƙasa har a kai mai ƙarfi, a yayyafa ruwa, a jera tubali da kwaɓi, a bari ya bushe, sannan a dawo kan gurbin da aka tsallake. In an gama a gyara gangaren ƙasa yadda ruwa zai guje wa gini, a shimfiɗa duwatsu inda indararo ke zuba. Dakalin nan na ƙofar tsofaffin gidaje ba don hira kaɗai aka yi shi ba. Shi ke karɓar dukan ruwa a madadin bango, in ya lalace a sake shi da araha.

Duk waɗannan ciwo ne mai magani. Wanda ya fi kashe tsofaffin gidajenmu shi ne maganin da muka fi yarda da shi, wato siminti. Ɗa ya samu aiki, yana son ya fitar da mahaifinsa kunya, sai ya kira birkila a yi wa zaure filasta. Shekarar farko kowa ya zo ya yaba. Je ka shekara ta huɗu ko ta biyar ka ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa, za ka ji yana amsawa kamar ganga. Ƙasa numfashi take, tana shan laima da damina tana fitar da ita da rani, tana kumbura tana motsewa. Siminti ba ya bin ta, sai su rabu, ya tsage siriri. Ruwa ya shiga ta tsagar, rana ta kasa kaiwa gare shi, tubali ya yi ta jiƙa a ɓoye, gara ta samu gida mai sanyi da duhu. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, to nan ƙadangaren ma ba a ganinsa. Ranar da filastar za ta ɓamɓare, faifai guda take faɗowa da naman bango a jikinta, har da ƙusoshi da wayar kajin da aka buga don ta kama. Bangon da aka bari tsirara aƙalla yana nuna ciwonsa, mai shi ya gani ya yaɓe. Wanda aka lulluɓe da siminti shiru yake yi har ranar da zai zo ƙasa, galibi cikin dare, cikin Agusta. Fentin mai ma ɗan'uwan siminti ne a wannan ɓarna. Mai son fari ya shafa farar ƙasa.

To me ake sa wa a da? Nan ne zancen ya fi zafi, don amsar ta nuna cewa ba gine-gine kaɗai muka rasa ba. Kwaɓin kansa aiki ne na kwanaki: a jiƙa birji, a tattake da ƙafa, a zuba yankakkiyar ciyawa, wasu su ƙara kashin doki, a rufe a bar shi ya ruɓa, a dawo a sake tattakawa. Kwaɓin da aka yi yau aka yaɓa yau shi ne wanda ruwan farko ke wankewa, sai a ce ginin ƙasa ba shi da ƙarko. Tubali a mulmula shi da hannu, a shanya kamar mako biyu, a jera shi tsininsa na kallon sama. A kan yaɓe akwai makuba, ruwan ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa, shi ke ba bango wannan ja mai duhu yana kuma tsare shi daga ruwa. Rufi da rawani da zanko, inda ruwa ya fi duka, laso ake sa musu. Laso kuwa haɗin abu uku ne: katsi, wato dattin da ke kwanciya a gindin rijiyar rini, a kwashe, a busar, a ƙone, a dake, gashin jima daga majema, da yauƙin saiwar dafara. Da shi ake shafe cikin rijiyar rinin kanta don kada ta yi yoyo, wannan kaɗai ya ishe ka sanin ƙarfinsa, kuma a kan rufi yana shekaru kafin a sake.

Dubi jerin nan da kyau. Katsi sai da marina, gashi sai da majema, makuba sai da ɗorawa a gona, azara sai da giginya a fadama, birji sai da kududdufi. A Bauchi akwai unguwa mai suna Karofin Madaki, sunan ya faɗa maka sana'ar da aka yi a wurin, wato rini. Atamfar kanti ta rage wa marina kasuwa, katsi ya yi wuya, laso ya bi shi. Giginya ba ta girma da wuri, ana sara ba a shukawa. Kududdufan cikin gari an cike su da shara an yanka filaye, su ne kuwa ke ba da ƙasar gini da rani su karɓi ruwan unguwa da damina, yanzu ruwan sai ya nemi gindin bango. Magini kuma ɗansa ya koma buga bulo, kuma ba za ka ga laifinsa ba, don can ne abinci yake. Ko gobe gwamnati ta ware kuɗi, in babu mai hannu kuma babu kayan aiki, ɗan kwangila siminti zai kawo, ya rina shi ja, ya ce an gyara.

Mai son ganin abin da hannun nan ke iya yi ya kama hanyar Ningi zuwa Kafin Madaki a ƙaramar hukumar Ganjuwa. Sunan garin ma labari ne, kafi ne, wurin tsaron iyaka. Can ne gidan Madakin Bauchi yake, wanda aka gina wajajen 1860, ake kuma danganta gininsa da Babban Gwani Muhammadu Durugu, maginin babban masallacin Juma'a na Zariya. Yana cikin gine-gine na farko-farko da aka ayyana kayan tarihi na ƙasa a Nijeriya, a 1956, tun kafin 'yancin kai. Abin kallo a irin wannan gini ba zanen bango ba ne, ɗaga kai za ka yi. Azara ita kaɗai ba ta ɗaukar rufin ƙasa in tazarar ta wuce kamar mita 2, sai ta lanƙwashe. Dabarar gwanaye ita ce ƙafa: a dasa azara cikin bango ta ɗan leƙo, a ɗaura wata a kanta ta ƙara leƙowa, ana ɗaurewa ana yaɓewa ana bari ya bushe, hawa-hawa, har ta wannan bango ta haɗu da ta wancan a sama. In baka ɗaya ne ya tsallake ɗaki, bakan gizo ke nan. In sun gicciya a tsakiya kamar itacen bakin guga, ɗaurin guga ke nan. Da haka ake rufe babban zaure babu rodi babu ƙusa, ciki sanyi ƙalau a watan Afrilu lokacin da mai rufin kwano ke neman inuwar bishiya. Wannan ilimi ba a takarda yake ba. In mutum na ƙarshe da ya iya ɗaura ƙafa ya rasu ba tare da ya ɗaura ta gaban almajiri ba, ta tafi ke nan, ko da hoton rufin ya cika waya.

Na san abin da za a ce, kuma ba duka ne zancen banza ba. Za a ce ginin ƙasa na kashe mutane. Gaskiya ne, kowace damina ana jin labari. Masallacin Zariya ma da na ambata, wani sashe nasa ya rufta kan masallata a watan Agustan 2023, an rasa rayuka. Ba mai hankalin da zai ce a bar iyali ƙarƙashin ruɓaɓɓiyar azara don masu yawon buɗe ido su samu abin ɗauka. Amma gini ba ya faɗuwa bai yi sallama ba. Tsaga na fitowa, ƙofa na fara cijewa, ƙasa na zubowa daga rufi kaɗan-kaɗan. Tsagar da ta bayyana a ja layi da fensir a ƙarshenta, a auna faɗinta, a rubuta kwanan wata a gefe. In bayan mako an ga ta wuce layin, a fitar da mutane, a tokare, a kira magini. Abin da ya rufta a Zariya hujja ce ta a riƙa dubawa, ba ta a rushe ba.

Za a ce gari na girma, titi na son faɗi. Haka ne. Bauchin da ta zama babban birnin jiha a 1976 ba za ta zauna cikin lungunan da aka yanka wa jaki da doki ba. Ban ce kada a taɓa komai ba. Cewa nake a zaɓa da ido buɗe, a san abin da ake bayarwa, kada direban katafila ya zama shi ne mai yanke hukunci. Wasu kuma na tsoron kada kula da tsohon gini ya zama girmama kufai. Yaɓe bangon masallacin unguwa ko zauren da aka yi shekara ɗari ana karatun allo a ciki ba neman tabarraki ba ne, gyaran kaya ne. Akwai ma waɗanda kakanninsu ke wajen ganuwa lokacin da ake gina ta, labarin da suka gada game da ita daban ne da na 'yan cikin gari. Su ma suna da hakkin a bar musu abin da za su nuna su ce ga inda aka yi.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta gado. Mai gida ya rasu ya bar magada goma sha, zaure ɗaya ne, yana bakin titi, in an rushe shi shago uku zai fita. Wa zai ce wa marayu su haƙura da kuɗin haya don tarihi? In jama'a na son zauren, jama'a su biya. Ko a ɗauke wa magada kuɗin yaɓe, ko a kama hayar zauren a mai da shi ɗakin karatu ko wurin zaman sulhu na unguwa, ko a musanya musu da fili. Dokar da ta kafa hukumar gidajen tarihi ta ƙasa ta 1979 ce, tararta ma ta kuɗin wancan zamani ce, kuma allon da ke cewa wuri kayan tarihi ne bai taɓa share indararo ba. Kabarin Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa da aka buɗe a 1979 yana nan tsaf, ana kai ɗalibai. Za a ce ai kankare ne. Kankare nawa muka gani ya zama kango a garin nan? Abin da ya tsare shi shi ne yana da masu buɗewa da rufewa, da mai shara, da wanda za a tambaya.

Shi ya sa buƙatata ƙarama ce. Masarauta, ta hannun hakimai da masu unguwanni, ta fi kowa sanin wane zaure ne na wa, wane masallaci ne ya fi daɗewa. A zauna a fitar da gine-gine ko da ashirin ne, kada a ce duka. Kowane ɗaya a rubuta sunan mutum guda a gabansa, ba kwamiti ba, mutum mai lambar waya. A ba shi kalanda irin ta magina: da ɗaukewar ruwa a zagaya a duba, da ƙusa da fensir, cikin hunturu a tara birji a jiƙa kwaɓi a buga tubali, yaɓe daga Fabrairu zuwa Afrilu, siriri-siriri, kada kauri ɗaya ya wuce yatsa biyu, don mai kauri tsagewa yake in iska ta busar da shi da sauri, kafin ruwan farko a hau rufi a share. Sabuwar ƙasa kuma a gwada ta tukuna, a yaɓa faifai uku ko huɗu a gefen bango da yashi daban-daban, wanda ya bushe bai tsage ba kuma bai zube da shafar hannu ba shi ne haɗin. Kuɗin ya zama na kowace shekara, ko kaɗan ne, maimakon babbar kwangila sau ɗaya a shekara ashirin. Kuma sharaɗin biyan magini ya zama yana da yara biyu a gefensa suna koyo. Ba a fafe gora ranar tafiya: ɓawon ɗorawa lokacinsa ake tara shi, azara kuma sai an nema tun da wuri an ajiye a inuwa.

Wanda kuma ba makawa sai an rushe, to a auna shi kafin katafila ta iso. Wannan aikin kwana biyu ne. Tef, takarda, waya mai kyamara, da sanda mai tsawon mita ɗaya da za a jingina a kowane hoto don a san girma. A zana shimfiɗar ginin, a rubuta kaurin bango a ƙasa da sama, tsayin rufi, yawan ƙafafu da yadda suka haɗu. A ɗauki kowane bango daga ciki da waje, hoto na hawa kan hoto. A zaunar da dattijon gidan da tsohuwar gidan, ita ma, don mata sun fi riƙe wa ya zauna a wane ɗaki, a naɗi muryarsu. Ɗaliban zanen gine-gine na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da na kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya suna neman aikin kammala karatu kowace shekara, ga shi a ƙofar gida. A ajiye kwafi wuri uku, fada da jami'a da ɗakin karatu na jiha, don abin da ke waya ɗaya ya tafi ranar da wayar ta faɗa ruwa. Irin wannan awo ne aka yi wa wasu manyan gine-ginen Arewa, har aka iya sake gina kwatankwacinsu a gidan tarihi na Jos.

Haka ya kamata a yi wa wuraren da aka tashi aka bari: Rauta, inda aka taɓa mai da mazaunin sarki kafin a dawo Bauchi, tsohuwar Katagum bayan an koma Azare, Gombe Abba ta Buba Yero, wadda sarauta ta bari zuwa Nafada a 1913, daga nan zuwa Gombe ta yanzu a 1919. Har da tashar jirgin ƙasa ta Bauchi, wadda layin dogo ya iso a farkon shekarun 1960, don tarihi bai tsaya a kan sarakuna ba.

Ganuwa kuma, ban goyi bayan a sake gina ta da bulo ba, da muguwar rawa gara ƙin tashi. Abin da ake iya yi shi ne a bi sawunta tun akwai dattawan da suka yi wasa a kanta suna yara. A ɗauko su a mota, a tashi daga Ƙofar Ran a zagaya, suna nunawa ana sa alama a taswira, a kafa ɗan dutse mai rubutu duk bayan mita ɗari ko biyu. Tuddan da suka rage a kwashe sharar da ke kansu, a sare bishiyar da ta tsiro a jiki a kashe kututturen, kada a tumɓuke, don saiwar za ta fito da rabin tudun. A ja musu magudana nesa da gindi, a bar taki uku ko huɗu kowane gefe babu gini. Guda ɗaya daga cikinsu, wanda ya fi tsayi, a ba magina su ɗaga shi da tubali zuwa kamanninsa na da, ko tsawon mita 20 ne, a jikin ɗaya daga cikin ƙofofin, yadda yaron nan na bakin titi zai samu abin da zai nuna da yatsa in an tambaye shi.